Linux da aikin sauti da bidiyo a situdiyoyin Zango

Babbar manhaja ita ce ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya, sauran manhajoji a kanta suke zama. Mai buɗaɗɗen tushe kuwa ita ce wadda aka bar rubutunta a fili, kowa na iya dubawa, ya gyara, ya raba wa wasu ba tare da sayen lasisi ba. Mafi shahara a cikinsu ita ce Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991. An daɗe ana muhawara a kan ko ta dace da haɗa kiɗa, ɗaukar murya da tace bidiyo, kuma batun ya shafi ƙananan situdiyoyi na unguwanni irin su Nima da Maamobi a Accra, inda akasarin aiki ake yinsa da kwamfutocin da aka riga aka yi amfani da su a ƙasashen waje.

Babban abin da ake auna babbar manhaja da shi a aikin sauti shi ne jinkiri, wato tazarar da ke tsakanin lokacin da mawaƙi ya buɗe baki da lokacin da muryarsa ta dawo masa a kunne. Idan tazarar ta yi yawa, sai ya riƙa saɓa wa kiɗan. Kwamfuta tana karɓar sauti ne kashi-kashi. Idan ana ɗaukar samfuri, wato awon sauti na ɗan ƙiftawa, 48,000 a daƙiƙa, kashi mai samfuri 128 bai kai kashi uku cikin dubu na daƙiƙa ba. Ƙanƙanta kashin yana rage jinkiri, amma yana matsa wa injin, har a fara jin ƙaf-ƙaf a cikin abin da aka ɗauka. A nan Linux tana da ƙarfi. Tsarin JACK, wanda Paul Davis ya jagoranci rubutawa, ya ba da damar haɗa manhaja da manhaja yadda ake haɗa wayoyi a bayan miksa. Wani tsarin mai suna PipeWire ya zo daga baya ya sauƙaƙa saitin, Fedora, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, ta mai da shi tsarinta na sauti a 2021. A 2024 kuma aka shigar da gyaran da ke fifita aikin gaggawa cikin ainihin Linux, a fitowa ta 6.12.

Akwai nau'o'in Linux da aka shirya domin wannan aiki, kamar Ubuntu Studio, wadda ta fara fitowa a 2007, da AV Linux. Suna zuwa da Ardour na ɗaukar murya da haɗa waƙa, Audacity na yanka da gyara, Hydrogen na ganguna, Kdenlive na tace bidiyo, da OBS Studio na watsa taro kai tsaye. Ga mai ɗaukar wa'azi, karatun Alƙur'ani, waƙoƙin yabon Manzo, tallar rediyo ko bidiyon biki da suna, waɗannan sun wadatar ƙwarai. Blender, manhajar yin fim ɗin zane mai buɗaɗɗen tushe, ma ya isa shaida: fim ɗin zane na ƙasar Latbiya da aka yi da shi ya ci kyautar Oscar a 2025.

Cikas ɗin yana wajen masu haɗa kiɗan zamani. Matasa da yawa da ke yin afrobit, hiplife ko asakaa ta Kumasi da FL Studio, wani kayan haɗa kiɗa a kwamfuta, suka koyi aiki, kuma ba a yi shi don Linux ba. Haka Ableton Live, Pro Tools da Logic. Ana iya tilasta wasu ta hanyar Wine, manhajar da ke tafiyar da manhajojin Windows a kan Linux, ana kuma jawo ƙananan manhajojin gyaran murya na Windows da wata manhaja mai suna yabridge, sai dai sabuntawa ɗaya na iya lalata abin da jiya yake aiki. Mai situdiyon da mawaƙi ya biya kuɗin awa yana jiransa ba zai lamunci wannan ba, kuma yana da gaskiya. Ga matsalar musayar aiki: fayil ɗin da aka fara da FL Studio a wani situdiyo ba ya buɗuwa a Ardour, sai an fitar da kowane layin sauti daban. Reaper da Bitwig Studio, manhajojin haɗa kiɗa, suna aiki a Linux kai tsaye, amma na kuɗi ne. DaVinci Resolve na tace bidiyo, nau'in kyauta, kuma ba ya karanta tsarin bidiyo na H.264 a Linux, alhali da shi wayoyi da yawa ke ɗaukar bidiyo, don haka sai an sauya fayil tukuna.

Na'urar shigar da sauti ta USB, idan ta bi ƙa'idar gama-gari, da an jona ta take kamawa. Wadda ke buƙatar direban kamfaninta, wato ƙaramar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane ta, ita ce ke ba da wahala, shi ya sa ya kamata a bincika kafin a saya a kasuwar Circle ta Accra ko Adum ta Kumasi.

Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a watan Oktoba na 2025, kuma Windows 11 ba ta karɓar tsofaffin injuna da yawa, batun ya ƙara nauyi. Kwamfutar da aka ce ta tsufa tana iya ci gaba da ɗaukar murya da Linux, ba tare da manhajar sata da ƙwayoyin cutar da ke biyo ta ba. Wasu suna ajiye Windows da Linux duka biyun a inji ɗaya, su zaɓi wadda za su shiga lokacin kunnawa.