Muntaka ba shi ne ɗan majalisar Asawase na farko ba

A majalisun shayi na Aboabo, wata unguwa a birnin Kumasi na ƙasar Ghana, sau da yawa za ka ji ana cewa kujerar majalisar dokoki ta mazaɓar Asawase ta Alhaji Muntaka Mubarak ce tun ranar da aka yanka mazaɓar. Daɗewarsa a kai ce ta rufe sunan wanda ya gabace shi.

An ƙirƙiro mazaɓar kafin zaɓen 2004, kuma Dakta Gibril Adamu Mohammed na jam'iyyar NDC ne ya ci. Allah bai ba shi tsawon kwana ba, ya rasu a farkon 2005, Allah Ya jiƙansa. Zaɓen cike gurbi na wannan shekara ne ya kai Muntaka, shi ma ɗan NDC, majalisa daga wannan mazaɓa ta cikin Kumasi, birnin da jam'iyyar NPP ke da rinjaye.