Tamoxifen: maganin hana haihuwa da ya koma yaƙar sankarar mama

Mene ne alaƙar istrojin da sankarar mama?

Istrojin sinadarin homon ne da gidan ƙwan mace ke samarwa, kuma shi ke sa ƙwayoyin halittar mama da na mahaifa su hayayyafa. A 1958 Elwood Jensen na Jami'ar Chicago ya nuna cewa a cikin waɗannan ƙwayoyi akwai wani furotin da ke karɓar istrojin ya riƙe shi. Kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar mama suna da wannan makarɓa, wato da istrojin suke girma.

Daga ina tamoxifen ya fito?

Dora Richardson ce ta haɗa shi a 1962 a kamfanin ICI na Ingila, da lambar ICI 46,474. Maganin hana ɗaukar ciki ake nema. A jikin ɓeraye ya yi aiki, amma a jikin mata sai ya yi akasin haka, ya riƙa taimakawa wajen sakin ƙwai. Saura ƙiris kamfanin ya watsar da shi, sai shugaban tawagar binciken, Arthur Walpole, ya dage a gwada shi a kan sankarar mama. Aka amince da shi a matsayin maganin sankarar mama a Birtaniya a 1973, a Amurka kuma a 1977.

To me Craig Jordan ya ƙara?

Jordan, masanin magunguna, shi ya nuna yadda ya kamata a yi amfani da maganin. A shekarun 1970 ya gwada shi a ɓerayen da aka sa wa sinadari mai jawo ƙari a mama. Waɗanda aka ba su maganin na ɗan lokaci, ƙarin ya jinkirta ne kawai, daga baya ya fito. Waɗanda aka ci gaba da ba su kuwa, akasarinsu sun tsira. Daga nan shawarar shan sa na shekaru ta samo tushe, a lokacin da likitoci da dama ke ganin shekara guda ta wadatar.

Yaya yake aiki?

Kamar mabuɗi ne da ya shiga kwaɗo ya ƙi juyawa: ya zauna a gurbin istrojin, ya hana shi shiga. Wani reshe da ke jikin maganin yana ture ɓangaren makarɓar da ake kira helix 12, sai wasu furotin na daban da ke kunna girma su rasa wurin kamawa. Abin mamaki, a ƙashi da mahaifa aikin istrojin yake kwaikwaya. Shi ya sa yake kare ƙashin macen da al'adarta ta ɗauke, amma yana ƙara haɗarin sankarar mahaifa.

Nawa ake sha, kuma ina ake samun matsala?

Miligiram 20 kullum, na shekara 5, wasu har 10. Shekara 5 na rage mutuwa daga sankarar da kusan kashi ɗaya cikin uku, amma ga mai makarɓar istrojin kaɗai. Dole a gwada tsokar da aka ciro kafin a fara. Ba da shi ba tare da gwaji ba lalube ne.

Sannan sai hanta ta sarrafa shi ya koma endoxifen kafin ya yi cikakken ƙarfi, ta hanyar sinadarin CYP2D6. Magungunan damuwa irin su paroxetine da fluoxetine suna danne wannan sinadari, don haka dole likita ya san duk abin da mara lafiya ke sha. Zafin jiki mai tasowa farat ɗaya da gumin dare su ke sa mata da yawa su daina sha a tsakiya, su yi asarar amfaninsa. Kumburin ƙafa ɗaya, sarƙewar numfashi, ko jini bayan ɗaukewar al'ada kuwa, a je asibiti ranar. Mai ciki ba ta shan sa.