Dokar Linux kan ƙafafun da ke aiki a juye

A jikin guntun lantarkin da ke cikin waya ko na'urar raba intanet akwai ƙananan ƙafafu da ake kira GPIO. Hali biyu ne da su: ko wuta ta hau ƙafar, misali bolt 3.3, ko ta sauka ƙasa. Da su ake kunna 'yar fitila, da su ake tayar da guntun da ya maƙale. Sai dai ba kowace ƙafa ce ke amsa umarni idan wuta ta hau ba. Yawancin ƙafafun sake tayar da guntu a juye suke, sai an sauke wutar sannan umarnin ya ci.

Linux babbar manhaja ce da ke tafiyar da na'ura. A da, direbobinta, wato ƙananan manhajojin da ke magana da sassan na'ura, da lamba suke kiran kowace ƙafa, su aika mata 1 ko 0 kai tsaye da gpio_set_value. Kowane direba shi ke haddace wacce ce a juye. Ranar da wani kamfani ya ƙera allo, wato farantin da ake dasa guntayen lantarki a kai, ya sa abin juya sigina a tsakani, sai direban ya kashe abin da ya so kunnawa.

A sigar 3.13, farkon 2014, aka shigo da sabuwar hanya mai suna gpiod, aikin Alexandre Courbot. Ƙa'idarta ita ce direba ya faɗi nufinsa kawai: 1 na nufin aikata, 0 na nufin saki. Ko ƙafar a juye take ko a'a, wannan maganar takardar bayanin allo ce, wadda ake kira Device Tree, inda ake rubuta GPIO_ACTIVE_LOW idan a juye take. Takardun Linux sun hana sabon direba bin tsohuwar hanya, tsofaffin kuma ana mayar da su ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin masu kula da sashen irin su Linus Walleij da Bartosz Golaszewski.

To a wurin mayarwar nan ne gizo ke saƙa. Tsohon direba ba ya duba alamar juyi, don haka masu rubuta bayanin allo da yawa sun sa GPIO_ACTIVE_HIGH, alamar ƙafar da ba a juye take ba, a kan ƙafar da a zahiri juyayya ce, kuma komai ya ci gaba da aiki lafiya. Da zarar direban ya koma gpiod ya fara gaskata alamar, sai guntun ya zauna a daskare, fuskar na'ura ta ƙi kawo haske ko intanet ya ɗauke.

Wani zai ce ai sai a gyara takardar. A nan doka ta biyu ke shigowa: bayanin allon da aka riga aka saki alkawari ne, dole sabon Linux ya yi aiki da tsohonsa. Sau da yawa takardar tana ajiye a cikin na'urar da aka sayar tun tuni, mai ita kuma ba shi da hanyar taɓa ta. A ganina dokar nan ta yi adalci, domin wanda ya sayi kaya ba shi ya yi kuskuren ba.

Saboda haka aka tara gyare-gyaren wuri guda, a fayil ɗin gpiolib-of.c. Idan ya gane irin na'urar da sunan ƙafar, shi zai daidaita juyin kafin direba ya gani. Ƙafar zaɓen guntu ta SPI, wata hanyar da guntaye ke bi su yi magana da juna, alal misali, juyayya ake ɗaukarta sai in an rubuta spi-cs-high. Haka ƙafar kunna wasu masu daidaita wuta, sai an rubuta enable-active-high.

Akwai kuma gpiod_set_raw_value, mai aika wuta ba tare da duba alama ba. Ba a haramta shi ba, amma duk wanda ya sa shi don ya kauce wa wannan aiki, masu duba gyara sukan tambaye shi dalili kafin su karɓa.