Loda manhaja a sabon maikrokontrola (ƙaramar kwamfuta a cip guda) yana kan allon da'ira: tambayoyi da amsoshi

Sabon cip babu komai a cikinsa. Ta yaya zai karɓi manhaja?

Ƙwaƙwalwarsa ce fayau. In ka karanta ta, a yawancin cip 0xFF, wato lambar da ke nuna gurbi fayau, za ka gani ko'ina. Amma ƙofar da na'urar lodawa ke bi da'ira ce da aka gina cikin cip ɗin tun daga masana'anta, ba ta jiran wata manhaja. Shi ya sa na'urorin lodawa irin su ST-LINK, J-Link ko PICkit ke iya magana da cip ɗin da bai taɓa aiwatar da umarni ko ɗaya ba.

Sai an ciro shi daga allo?

A'a. A liƙa shi da dalma a mazauninsa, a dai bar wurin jona wayoyi tun lokacin zana allon.

Wayoyi nawa ake bukata?

Ya danganta da cip ɗin. Masu ƙirar ARM Cortex-M, irin su STM32, hanyar jonawa ta SWD suke bi: wayoyin SWDIO da SWCLK, sai GND (wayar ƙasa) da wayar da na'urar ke gane ƙarfin wutar allon da ita. JTAG, wani tsarin jonawa wanda ya zama ƙa'idar IEEE 1149.1 a 1990, huɗu yake so: TCK, TMS, TDI da TDO. Cip ɗin PIC kuwa PGC, PGD da MCLR yake so.

Na haɗa komai, amma na'ura ta ce ba ta ga cip ba.

Kada ka yi saurin zargin cip. Da wuya laifin ya zama nasa. Fara da wuta. Na'urori da yawa auna wutar allo kawai suke yi, ba sa ba shi, don haka sai ka kunna shi da kanka. Duba GND, duba ko ka juya SWDIO da SWCLK, ka gajarta wayoyi. In ya ƙi, rage gudun lodawa. Sabon ATmega328P, alal misali, da gudun 1 MHz yake zuwa, kuma dole gudun lodawa ya gaza kwata na wannan.

Jiya ya karɓa, yau ya ƙi. Me ya faru?

Sau da yawa manhajarka ce ta rufe ƙofa. A STM32, ƙafafun SWD su ne PA13 da PA14. In ka ba su wani aiki, na'ura ta rasa hanya. Jona NRST, ƙafar da ke sa cip ya sake farawa, ka zaɓi haɗawa yayin da cip ke riƙe a yanayin sake farawa (reset), ka goge shi.

Akwai kuskuren da ba ya gyaruwa?

Akwai. A yawancin STM32, kariyar da ke hana karanta ƙwaƙwalwar cip, a mataki na 2, tana kashe SWD da JTAG har abada. Kada ka kunna ta a allon gwaji.