Obataim ko idafi: wai mai albashin wata ba shi da shi?

Tun da azumi ya wuce ba abin da kake ji a bakin yaranmu masu aikin otal da kantuna a nan Makka sai obataim, wato kuɗin aikin da ya wuce awannin ƙa'ida, wasu su ce idafi, kowa da tasa fatawar, har masu turo murya a WhatsApp sun zama lauyoyi. Wadda ta fi ƙona min rai ita ce wadda na ji wani ya yanke a wurin mai tsire a Shara Mansur, wai "ai mai albashin wata ba shi da obataim, wannan na masu aikin yini ne", kuma mutane suna ta gyaɗa kai.

Ni ina ganin kalmar idafi ɗin ce ma take ruɗa mu. Duk wanda ya ɗan zauna gaban malam ya yi nahawu ya san idafa, jingina abu ga wani abu, to daga nan ne idafi ya fito, wato ƙari. Shi kuma Bahaushe da ya ji an ce ƙari sai ransa ya tafi wurin gyara, irin wadda mai ƙosai ke jefa maka guda biyu bayan ka sayi na ɗari, in ta ga dama ta ba ka in ba ta ga dama ba ba ka da ta cewa. Shi ya sa za ka ga yaro ya yi awa 12 a tsaye a goman ƙarshe, ƙarshen wata a ɗora masa riyal 100 a kan albashi ya dawo yana ta shi wa mudir, wato manaja, albarka. Alhali ƙarin da ake nufi a kan awanni yake, kai ne ka yi musu ƙari, kuɗin kuma bashi ne kake bi.

Dokar ƙwadago ta Saudiyya, wadda suke kira nizamul amal, ba ruwanta da ko wata-wata ake biyanka ko mako-mako. Sashe na 98 ya ce awa 8 a rana ko 48 a mako, in azumi ya kama Musulmi ya koma 6 a rana ko 36 a mako. Abin da ya haura haka idafi ne, haka ma aikin da ka yi ranakun hutun Sallah. Sashe na 107 kuma ya faɗi farashi: kuɗin awarka, a ƙara maka rabin kuɗin awa na asasi, wato tsabar albashi ban da alawus.

A wurin asasin nan ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Ɗan yayata ya kawo min wayarsa ya ce Kawu duba min, muka buɗe kwantiraginsa a Qiwa, manhajar ma'aikatar ƙwadago, albashi riyal 3,000 amma asasi 2,400, sauran 600 kuɗin gida ne da na mota. Muka raba 3,000 gida 30, muka sake rabawa gida 8, awarsa ta kama riyal 12.5. Asasin kuma awa riyal 10 ne, rabinsa 5, ka ga kowace awa ta idafi riyal 17.5 ke nan. Shi a azumi awa 10 yake yi kullum, 4 sun haura, in ka ɗauki kwana 26 awa 104 ke nan, riyal 1,820. An ba shi 300 da kwalin dabino, yaron nan har hoton dabinon ya turo wa uwarsa.

Akwai waɗanda dokar ta cire daga lissafin awanni, ba musu. Sashe na 108 ya ambaci masu manyan muƙamai da ke riƙe da ikon mai kamfani a kan ma'aikata. To wannan ce ƙofar da ake bi, a manna maka suna mushrif, wato mai duba aiki, a ƙirji, yara uku ne a ƙarƙashinka, ba ka iya ɗaukar kowa ba ka iya sallamar kowa, ko fita sallar Isha'i sai ka nemi izini, amma an ce kai babba ne ba ka da idafi. Doka iko take dubawa, ba sunan da ke jikin bajo ba. Direbobin gida da masu aikin gida su kam nasu tsarin daban ne, kada su ɗauki lissafin nan su je su yi rigima da kafili, wato ubangidan da ya ɗauke su aiki.

Daga Fabrairun 2025 an yi wa dokar gyara, ana iya ba ka hutu da albashinsa a maimakon kuɗin idafi, amma sai ka yarda. Shi ɗan yayar tawa na ce ya sayi ƙaramin littafi ya riƙa rubuta lokacin shiga da fita kullum, ya kuma ajiye hoton jadawalin da ake turo musu, don in magana ta kai ofishin sulhu na ma'aikatar ƙwadago takarda za su tambaya. Ya ce Kawu ni tsoro nake kada su ƙi sabunta min kwantiragi, na ce to rubuta dai tukuna.