Dokar FERPA da Sirrin Bayanan Karatun Ɗaliban Jami'a a Amurka

FERPA taƙaitaccen suna ne na wata dokar tarayyar Amurka da ke kare sirrin bayanan karatun ɗalibai, tun daga firamare har jami'a. An kafa ta a 1974, kuma akan kira ta Gyaran Buckley, da sunan sanatan da ya gabatar da ita. Tana hawa kan duk makarantar da ke cin gajiyar kuɗin Ma'aikatar Ilimi ta tarayya. Tun da yake rancen karatu da tallafin ɗalibai daga can suke fitowa, da wuya a sami jami'ar da ta kuɓuta daga dokar, ta gwamnati ce ko mai zaman kanta.

Asali

Kafin 1974 babu wata dokar tarayya da ta ce ga wanda zai ga fayil ɗin ɗalibi, ga wanda ba zai gani ba. Kowace jiha da tsarinta, wasu ma ba su da ko ɗaya. Fayil ɗin kuwa bai tsaya kan maki ba. Akan cusa sakamakon gwajin ƙwaƙwalwa, da ra'ayin malami game da halin yaro, da abin da aka ji game da gidansu, wani lokaci har da jita-jita. Ɗan sanda ko mai ɗaukar aiki na iya zuwa a buɗe masa, amma uban yaron ya zo a ce masa sirri ne. Wajen 1970 Gidauniyar Russell Sage ta fitar da shawarwari kan yadda ya kamata a tattara bayanan 'yan makaranta a kuma adana su, bayan binciken da ya nuna cewa makarantu da yawa ba su da wata ƙa'ida a rubuce.

Zamanin ma ya taimaka. Badaƙalar Watergate, abin kunyar leƙen asirin siyasa da ya kai ga saukar Shugaba Richard Nixon, ta sa Amurkawa sun daina yarda da fayilolin da hukuma ke ɓoyewa a kansu, ga kuma kwamfuta ta fara shiga ofisoshi. A wannan yanayi ne Sanata James Buckley na jihar New York ya miƙa ƙudurinsa a zauren Majalisar Dattawa, a matsayin gyara cikin babbar dokar ilimi ta wannan shekara. Bai bi ta kwamiti ba, ba a kuma yi zaman jin bahasi a kansa ba. Shugaba Gerald Ford ya sa hannu ranar 21 ga Agusta 1974, kwana goma sha biyu bayan saukar Richard Nixon, dokar kuma ta fara aiki ranar 19 ga Nuwamba.

Gaggawar ta nuna kanta nan da nan. Hankalin masu ƙudurin yana kan ƙananan makarantu, ba su lura da abin da zai faru a jami'o'i ba. Fayilolin jami'a cike suke da wasiƙun shaida da malamai suka rubuta bisa alkawarin cewa ɗalibi ba zai taɓa karanta su ba, sai ga doka ta ba shi izinin karantawa. Jami'o'i suka yi ca, wasu suka fara zare wasiƙun daga fayil. Buckley da Sanata Claiborne Pell suka haɗa wani gyara da ya zama doka ranar 31 ga Disamba 1974. Gyaran ya ce wasiƙun da aka ajiye kafin 1 ga Janairu 1975 suna nan a rufe, ɗalibi ba shi da haƙƙin ganin bayanan kuɗin iyayensa da ke fayil, kuma yana iya sa hannu ya yafe haƙƙinsa na karanta wasiƙar shaida. Daga nan ne aka samo ɗan akwatin nan da masu neman gurbin karatu a Amurka ke cika har yau, inda ake tambaya ko sun yafe.

Haƙƙoƙin ɗalibi

A ƙananan makarantu haƙƙin na iyaye ne. Yana komawa hannun ɗalibi ranar da ya cika shekara 18, ko ranar da ya shiga makarantar gaba da sakandare ko da bai kai haka ba. Saboda haka uban da ke biyan kuɗin makaranta ba shi da ikon tilasta wa jami'a ta nuna masa sakamakon ɗansa.

Ɗalibi na da damar ganin bayanansa cikin kwana 45 daga ranar da ya nema. Idan ya ga kuskure yana iya neman a gyara, in an ƙi a zauna a saurare shi, in har yanzu an ƙi ya rubuta nasa bayanin a haɗa da fayil ɗin. Wannan hanya ta gyaran kuskuren rubutu ce, ba ta jayayya da makin da malami ya bayar ba. Ba a kuma fitar da bayanansa ga wani sai da izininsa a rubuce, mai ɗauke da kwanan wata da sunan wanda za a bai wa da kuma dalili.

Abin da ake kira bayanan karatu

Duk bayanin da ya shafi ɗalibi kai tsaye kuma jami'a ke riƙe da shi, a takarda ne ko a kwamfuta ko a bidiyo: maki, takardar sakamako, jadawalin darasi, bashin kuɗin makaranta, fayil ɗin ladabtarwa. Dalilin ke nan da aka hana liƙa sakamako a allo da suna ko da lambar ɗalibi. An ware wasu abubuwa: rubutun da malami ya yi don tunin kansa bai nuna wa kowa ba, bayanan jinya da likitan jami'a ke riƙewa don magani kawai, da bayanan 'yan sandan jami'a, waɗanda aka cire a 1992. Wanda ya nemi gurbi aka ƙi shi ba ya cikin dokar.

Inda ba a buƙatar izini

Togaciyar tana da yawa, kuma kusan kowace da tarihinta. Ma'aikacin jami'a da aikinsa ya buƙaci bayanin yana iya gani. Haka makarantar da ɗalibi zai koma, da masu ba da tallafin karatu, da masu tantance ingancin jami'o'i, da kotu idan ta aiko da sammaci. Jami'a na iya gaya wa iyaye idan sun sa ɗalibin cikin waɗanda suke ɗaukar nauyi a takardar harajinsu, amma ba dole ba ne. Akwai kuma bayanan gama-gari kamar suna, fannin karatu da shekarar kammalawa, waɗanda ake iya fitarwa sai in ɗalibi ya rubuta ya hana.

Kisan wata ɗaliba, Jeanne Clery, a ɗakin kwananta a Jami'ar Lehigh a 1986 ya haifar da dokar tsaron harabar jami'a ta 1990, wadda ta buɗe ƙofar gaya wa wanda aka yi wa ta'asa hukuncin da aka yanke wa wanda ya zarga. A 1998 aka yarda a sanar da iyaye idan ɗalibin da bai kai shekara 21 ba ya karya dokar giya ko ƙwaya. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 aka bai wa Antoni-Janar hanyar karɓar bayanai da umarnin kotu a binciken ta'addanci.

Harbin da aka yi a Jami'ar Virginia Tech ranar 16 ga Afrilu 2007, inda wani ɗalibi ya kashe mutum 32, shi ya fi girgiza fahimtar dokar. Bincike ya nuna cewa malamai da sashen ba da shawara da 'yan sanda kowa ya ga alamar damuwa a tare da shi, amma bayanan ba su haɗu wuri guda ba, wani ɓangare saboda jami'ai sun ɗauka doka ta ɗaure musu baki fiye da yadda take a zahiri. A ƙarshen 2008 Ma'aikatar Ilimi ta sassauta ƙa'idar gaggawa: idan akwai barazana babba da za a iya fayyace ta ga lafiya ko rai, jami'a na iya sanar da duk wanda zai iya taimakawa, har da iyaye.

A gaban kotu

Kotun Ƙoli ta taɓa dokar sau biyu, duk a 2002. A shari'ar Falvo daga jihar Oklahoma ta ce 'yan aji su yi musayar takardu su duba wa juna ba laifi ba ne, domin makin bai shiga ajiyar makaranta ba tukuna. Ta biyun ta fi nauyi. Wani ɗalibin koyon malanta a Jami'ar Gonzaga ya kai ƙara bayan wata jami'a ta kai zargin lalata da ake yi masa ga hukumar ba da lasisin koyarwa ta jihar Washington, aka hana shi takardar shaidar kyawun hali. Masu taya alƙali shari'a sun ba shi diyyar fiye da dala miliyan ɗaya a kan ƙorafe-ƙorafensa baki ɗaya. Amma Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 7 a kan 2, ta ce FERPA ba ta bai wa mutum haƙƙin kai ƙara don neman diyya ba.

Abin da ya rage wa ɗalibi shi ne ƙorafi ga Ma'aikatar Ilimi cikin kwana 180. Hukunci mafi tsanani shi ne yanke kuɗin tarayya, sanda ce mai nauyin da ma'aikatar ta shafe gomman shekaru ba ta ɗaga ba. Yawanci akan ƙare da umarnin gyara.

Taƙaddama

'Yan jarida na zargin jami'o'i da fakewa da dokar don rufe abin kunya, musamman a harkar wasanni da cin zarafi, kuma Buckley da kansa ya koka a 2009 cewa an kai ta inda bai nufa ba. Masu rajin kare sirri kuwa sun soki ƙa'idojin 2011, waɗanda suka faɗaɗa bai wa hukumomi da masu bincike bayanai ba da izini ba. A 2015 ɗaliban Jami'ar Stanford sun yi amfani da dokar suka nemi ganin abin da masu tantancewa suka rubuta a kansu lokacin ɗaukarsu, abin da ya sa wasu makarantu suka daina adana irin waɗannan takardu.