Wanda aka haifa bakwaini: me ke faruwa da zuciyarsa idan ya girma?

A Sakkwato, in jariri ya zo ɗan mitsitsi, za ka ji tsofaffi na cewa, "ai shi bakwaini na." A naɗe shi cikin zannuwa, a tsare shi daga sanyin hunturu, a yi ta addu'a. Da ya yi ɓul-ɓul ya fara gudu a tsakar gida, sai maganar ta wuce. A wurin likitocin zuciya kuwa ba ta wuce ba.

Wa asibiti ke kira bakwaini?

Duk jaririn da ya zo kafin ciki ya cika mako 37. Cikakken ciki kusan mako 40 ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta an haifi irin waɗannan jarirai miliyan 13.4 a 2020, kusan ɗaya cikin goma, kuma Najeriya na cikin ƙasashe biyar da suka fi yawansu.

Me zuwa da wuri ke yi wa zuciya?

A watannin ƙarshe na ciki, ƙwayoyin tsokar zuciya suna ta hayayyafa. Mabiyiya ce ke ɗauke da aikin numfashi, jini kuma yana bi ta cikinta ba tare da zuciya ta yi wani yunƙuri mai yawa ba. Da an yanke cibi, komai ya sauya: huhu ya buɗe, iska ta ƙaru a jini, zuciya ta koma tura jini da ƙarfi. Daga nan hayayyafar ƙwayoyin take ja baya, waɗanda ke akwai su shiga kumbura. Ga bakwaini wannan sauyi yana zuwa ne tun ginin bai kammala ba.

Ƙoda ma haka take. 'Yan matatun da ke cikinta ba su gama samuwa sai wajen mako 34 zuwa 36, kuma ƙoda na da hannu dumu-dumu a hawa da saukar jini.

An ga alamar haka a jikin manya?

An gani. A wani aiki da aka wallafa a 2013, masu bincike a Jami'ar Oksfod ta Ingila sun ɗauki hoton zuciyar matasa 102 da aka haifa bakwaini, suka gwada da ta waɗanda suka cika watanninsu. Ɗakin hagu na zuciyar, mai tura jini zuwa jiki, ya fi gajarta da nauyin tsoka, cikinsa kuma ya fi ƙunci, kamar ɗakin ƙasa mai kaurin bango da ɗan fili a ciki. A ɗakin dama, mai kai jini huhu, bambancin ya fi fitowa. Wani binciken da ya biyo baya ya nuna a zaune ba a cika ganin komai ba. Sai an hau keken gwaji an fara haki, zuciyar ta kasa ƙara ƙarfin tura jini yadda ta sauran ke yi.

To, ciwon zuciya ya zama dole ke nan?

A'a, kuma ina so iyaye su ji wannan da kyau. Yawancin bakwaini suna girma lafiya, su yi noma, su yi aure, su haihu. Haɗarin ne ya ɗara na saura. A ƙasar Suwidin an bi bayanan mutane sama da miliyan 2: waɗanda aka haifa kafin mako 28 haɗarin gazawar zuciya a ƙuruciya ya ninka kusan sau 17, na mako 28 zuwa 31 fiye da sau 3. Sai dai cutar ba ta cika kama matasa ba tun asali, don haka ko da an ninka, ƙalilan ne ke kamuwa. Abin da ya fi yawa shi ne hawan jini da ke farawa da wuri, shiru, ba ciwon kai ba jiri.

Uwar da ke goyon bakwaini yanzu fa?

Nononta. Masu binciken Oksfod sun ga waɗanda aka shayar da nonon uwa zalla, zuciyarsu ta fi kusa da ta sauran mutane fiye da ta 'yan madarar gwangwani. A haɗa da ɗora jariri a ƙirji, fata da fata.

Ni na riga na girma, me zan yi?

Ka tambayi Inna ko Kaka a wata nawa ka zo, ko ka kwanta a kwalba. Da yawanmu a gida aka haife mu, babu kati, labarin yana bakin tsofaffi ne kawai. Sannan ka faɗa wa likita ko bai tambaya ba. Ka riƙa awon jini tun kana ɗan shekara ashirin, ka rage gishiri da magi da kanwa, ka nisanci taba da shisha, kada kuma tsoro ya hana ka motsa jiki. Macen da aka haifa bakwaini ta faɗa tun ranar awon ciki na farko, don hawan jinin masu ciki ya fi saurin samun irinta. Wanda ke haki daga ɗan tafiya, ko ƙafa na kumbura, ko ba ya iya kwanciya sai ya tara matashi, ya nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru da ke nan Sakkwato, a auna bugun zuciyar a kuma ɗauki hotonta.